Gilashin da Ba Ya Ƙyalli

Kwana goma sha biyu bayan an yi wa kakata aikin yanar ido, ranar da aka yarje mata ta ajiye baƙin tabarau idan tana cikin ɗaki, ba ta nemi ganin fuskar kowa ba. Kafaɗata ta dafa, ta ce in kai ta gaban takardar Malam. Taku huɗu ne daga bakin gadonta zuwa bangon da na rataye firem ɗin shekara biyar da suka wuce, muka yi su a hankali. Ta tsaya, ta karkata kai dama, ta karkata hagu, ta ɗan rusuna, ta ja da baya, ta sake matsowa har numfashinta ya yi wa gilashin hazo. Can ta ce, “Mai sunan Malam, ko dai likitocin nan ba su ƙarasa aikinsu ba? Ni fa ƙofar ɗaki nake gani, da igiyar shanya, da wata tsohuwa tana leƙena.”

Matan gida suka kwashe da dariya. Ni ban iya yin ta ba, domin likitoci sun ƙarasa aikinsu sarai, kuma na san wanda bai ƙarasa nasa ba.

Abin da muke kira takardar Malam warƙa guda ce, ba ta fi tafin hannu biyu ba, kuma ita kaɗai ta rage daga Alƙur’anin da kakana ya rubuta da ka. Rabinta na sama zayyana ce, irin wadda alarammomi kan yi a mabuɗin Suratu Maryam: gidaje-gidaje masu kusurwa huɗu, ja da ruwan ɗorawa da kore, an ɗaure su da baƙin zane kamar saƙar tabarma. Ƙasa da ita layuka ne na rubutu a ruwayar Warshu, baƙaƙen da baƙar tawada, wasulan da ja, hamza kuma ɗigo ne na ruwan ɗorawa. Tawadar irin ta rubutun ajiya ce, wadda ake haɗawa da ’ya’yan bagaruwa da kashin maƙera da ƙaro, ba ta allo ba wadda ake wankewa. Idan an ɗaga takardar zuwa haske akan ga inuwar jinjirin wata uku a jere a cikin jikinta, alamar takardun da suka daɗe suna zuwa ƙasar Hausa daga masana’antun Italiya. Inna ba ta riƙe shekaru da lamba, sai da abin da ya faru a cikinsu. Ta ce Malam ya yi wannan rubutu ne a shekarar da Sarki Sanusi ya bar gadon sarautar Kano, wato 1963, tana amarya, suna zaune a wata ’yar unguwa ta ƙasar Bebeji kusa da kogin Kano.

Unguwar tana cikin waɗanda suka tashi lokacin da gwamnatin Audu Baƙo ta gina madatsar ruwa ta Tiga, aikin da aka kammala a 1974. Malam ya ɗauko iyalinsa da almajiransa da gafakarsa ya dawo Tudun Wada, a nan kuma ya rasu a 1991, shekara bakwai kafin a haife ni a raɗa mini sunansa. Bai taɓa yarda an ɗauke shi hoto ba. Gafakar aka sa a akwatin katako, aka tura ƙarƙashin gado, kowa yana ganin girmanta ya wuce a riƙa buɗe ta. Gara ba ta san wannan girma ba. Ta shigo ta ƙasan akwatin, ta yi shekaru tana aikinta a ɓoye, ranar da aka buɗe sai ƙasa da guntayen kalmomi. Abin da ta rage aka haƙa rami aka binne cikin mutunci. Bayan an gama jimami ne Inna ta buɗe adakarta, ta zaro warƙa ɗaya daga tsakanin zannuwanta. Irin wannan Alƙur’ani ba a ɗinke shi, warƙoƙi ne a sake, saboda haka ba wanda ya lura ta cire ta tun makon rasuwar. Aka tambaye ta me ya sa wannan, ba wata ba, cikin ɗaruruwa. Ta ce hannunta ne ya faɗa kanta.

A 2018, shekarata ta farko a Jami’ar Bayero ina karatun fiziks, na samu ’yan kuɗi daga koyar da yara darasin yamma, sai na ga lokaci ya yi da zan yi wa gidanmu abin a zo a gani. Na lallaɓi Inna ta ba ni warƙar, na kai wa wani mai ɗaukar hoto a kusa da tasha. Ya yanko gilashin taga, ya kwantar da takardar a kansa, ya danne ta da kwalin katon ɗin sabulu, ya buga ƙananan ƙusoshi, ya kewaye da firem ɗin roba mai ruwan zinare. Na rataye shi daidai saitin ƙofa domin duk mai shigowa ya fara cin karo da shi. Kuma an yaba. Abin da aka fi yabawa shi ne ƙyallin.

Ba na ganin laifin masu yabon, domin a ɗakunan iyayenmu mata ƙyalli shi ne rabin ado. Wanda ya taɓa shiga ɗakin amaryar da, ya ga jeren tasoshi da langa-langa tun daga ƙasa har kusa da rufi, kowace an goge ta tana mayar da hasken fitila, ya san abin da nake nufi. Da kabet mai gilashi ta zo ta karɓi wurin jere, ƙyallin bai tafi ba, wurin zama ya sake. Ɗakin ƙasa mai ƙofa ɗaya da ’yar taga duhu gare shi, duk abin da ya kama haske ya watsa shi ya yi wa ɗakin alheri. Firem ɗina ya shiga sahun tasoshin Inna, ya zama wani abin walƙiya a bango. Ita kuwa a lokacin yana ta riga ta fara rufe mata ido, iyakarta ta shafa gilashin da tafin hannu idan za ta wuce, ta yi wa Malam addu’a.

Abin kunyar shi ne bayanin abin da ya faru da Inna yana cikin littattafan da na ci jarrabawa da su. Duk lokacin da haske ya fito daga iska zai shiga gilashi, wani kaso nasa ba ya shiga, komowa yake yi. A gilashi na yau da kullum, idan hasken ya faɗo a miƙe, kusan kashi 4 cikin 100 ne ke komowa daga fuskar gaba, wani kusan kashi 4 kuma daga fuskar baya, jimilla kusan kashi 8. Bafaranshen nan Augustin Fresnel ya fitar da lissafin wannan tun shekaru ɗari biyu da suka wuce. Kashi 8 ba wani abu ba ne a kan takardar jarrabawa. Amma a ɗakin Inna tsakar gida ce ke cike da ranar hantsi, bangon kuwa yana cikin inuwa, don haka kashi 8 na hasken tsakar gida ya rinjayi dukkan ɗan hasken da tsohuwar takarda mai duhun launi take iya mayarwa. Ido kuma, kamar yadda Ibnul Haisam ya tabbatar a littafinsa na Kitabul Manazir shekaru dubu da suka shuɗe, ba ya aika komai waje, abin da ya shigo masa yake karɓa. Ƙofa ta aiko da haske mai yawa, Malam ya aiko da kaɗan, sai Inna ta ga ƙofa.

Tun ina yaro na san wannan a ruwan Tiga, ban dai san sunansa ba. Idan ka tsaya a gefen ruwan ka dubi daidai ƙafarka, kana ganin tsakuwa da ƙananan kifaye. Ka ɗaga ido ka dubi nesa, ruwan ya zama madubi, ba ka ganin komai sai sama da gajimare, domin gwargwadon kwanciyar haske a kan fuskar ruwa ko gilashi, gwargwadon yawan abin da zai komo. Mahaifina ya taɓa nuna mini wani sashe can tsakiya ya ce wajen nan unguwarsu take. Na zura ido iya iyawata, gajimare kawai na gani.

A shekarar aikin idon, 2023, ina hidimar ƙasa a Jihar Filato, ina koyar da fiziks a wata sakandare. Duk ƙarshen wata nakan biyo hanyar Saminaka, in ratsa ƙasar Doguwa da dajin Falgore in sauka gida. A wannan zuwan ban koma kai tsaye ba. Na sauke firem ɗin, na naɗe shi a bargo, na hau motar Kano.

Na yi yini guda ina yawo tsakanin masu sayar da gilashi. Tambayata ita ce ko akwai gilashin da ba ya ƙyalli, amsar da na fi samu kuma ita ce dariya. Wani ya ce in haka ne in sayi leda. Wani ya nuno mini mai duhu irin na tagogin ofis. Da la’asar aka kwatanta mini wani dattijo a Sabon Gari wanda ya tsufa a sana’ar firem, shagonsa cike da hotunan sarakuna da takardun shaidar digiri da ba a zo karɓa ba. Bai yi dariya ba. Ya shimfiɗa baƙin ƙyalle a kan teburi, ya jera gutsattsarin gilashi uku, ya ce, “Ɗan samari, duba ka gaya mini abin da ka gani.”

A na farko na ga fankar rufi tana juyawa, da kwan lantarki, da goshina. Irin nawa ne. Na biyu fuskarsa a dushe take kamar an hura masa ƙurar hunturu, fankar ta narke ta zama wani farin hazo marar siffa. Na ce wannan nake nema. Dattijon ya ce in dakata. Ya ɗora shi a kan wata tsohuwar jarida, rubutu ya fito ana karantawa. Sai ya sa ’yan yatsu ya ɗaga shi kaɗan, bai kai kaurin ɗan yatsa ba, nan take baƙaƙen suka jiƙe suka shiga juna. Wannan gilashi an ɗan cinye fuskarsa ne da sinadari domin ta yi kaushi. Ba ya rage hasken da ke komowa, tarwatsa shi yake yi, kuma yadda yake tarwatsa hoton ƙofa haka yake tarwatsa hoton abin da ke bayansa, sai fa idan an manna shi a jikin takardar. Yana da sauƙin kuɗi, kuma mutane da yawa da suka nemi maganin ƙyalli da shi ake sallamarsu.

Na uku kuwa na ɗauka ya manta bai ajiye ba. Sai da na lura da gefensa na gane akwai wani abu a wurin, guntu ne da bai fi tafin hannu ba, ragowar wani aiki da aka taɓa kawo masa gilashinsa daga waje. Baƙin ƙyallen yana nan da zarensa ɗaya-ɗaya kamar ba a rufe shi da komai ba. Da na sunkuya na nemi kwan lantarkin da gangan, sai na same shi ɗan mitsitsi, kore-kore, kamar wanda ake gani a tabaran likita na zamani.

Wannan na san shi, a allo dai. Duk wanda ya taɓa tsayawa a Kwanar Ɗangora bayan an ɗauke ruwan sama ya ga launukan bakan gizo a kan kududdufin da man mota ya zuba. Haske tafiyar igiyar ruwa yake yi, tudu da kwari. Wani yana komowa daga saman man, wani daga ƙasansa, idan suka haɗu tudu ya faɗa kan tudu sai launin ya ƙarfafa, idan tudu ya faɗa cikin kwari sai su kashe juna. Masu yin gilashin nan wannan kashe junan suke nema da gangan. Sukan shafa wa gilashi wani fatar sinadari mai kaurin rubu’in tsawon igiyar hasken, abin da bai wuce kashi ɗaya cikin dubu goma na milimita ba, ta yadda komowar farko da ta biyu za su soke juna, hasken ya rasa hanya sai gaba. Shafi ɗaya na magneziyam fulorayid yana sauko da kashi 4 zuwa ƙasa da kashi ɗaya da rabi. Idan aka jera shafuka da yawa a fuska biyun, abin da ke komowa duka ba ya kai kashi 1. Baturen Ingila Lord Rayleigh ne ya lura a 1886 cewa tsohon gilashin da ya ɗan dafe ya fi sabo wuce da haske, abin da ya saɓa wa hankali. Alexander Smakula ya mayar da abin sana’a a kamfanin Zeiss na Jamus a 1935, aka riƙe shi a matsayin sirrin soja. A Amurka kuma Katharine Blodgett, mace ta farko da ta samu digirin digirgir a fiziks daga Jami’ar Kambirij, ta fito da nata a kamfanin General Electric a 1938. Na taɓa rubuta sunayen nan uku a jarrabawa na samu maki, ban taɓa kawo su kusa da ɗakin Inna ba.

Dattijon ya ce kafin a yi maganar ciniki sai an buɗe tsohon firem. Ya zare ƙusoshin, ya ɗaga kwalin sabulun, sai ga bayan takardar ya yi ja-ja daidai girman kwalin, domin irin wannan kwali yana da tsami da ke cin takarda a hankali. Ya zura wata siririyar wuƙa tsakanin takardar da gilashin, yana tafiya da ita kamar mai fiɗar ƙwai, ya fi minti ashirin bai ce uffan ba. Da takardar ta rabu, ya ɗaga gilashin zuwa haske. Zayyanar Malam tana jikinsa a juye, dishi-dishi, ja da kore da ɗigon ruwan ɗorawa. Daminar kudancin Kano ta fi ta arewa nauyi, mu da ke kusa da Falgore mun san yadda tufafi ke yin fumfuna a cikin akwati a watan Agusta. Damina biyar gilashin yana yin sanyi da dare yana tara raɓa a cikinsa, ƙaron da ke riƙe da launin yana jiƙa yana bushewa, kowane karo yana barin wani abu a jikin gilashi. Jan da ke ɓangaren da rana ke taɓawa da hantsi kuma ya koɗe ya fi na ɗaya gefen.

“Wane ne ya yi wannan aika-aika?” in ji shi.

Na ce, “Baba, ni na kai aka yi.”

Ya dube ni ta saman tabarau, bai ƙara kalma ba, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Adakar Inna ta riƙe takardar nan shekara ashirin da bakwai ba ta rage mata komai ba. Ni da karatuna na yi mata a shekara biyar abin da gara ba ta samu yi ba.

Daga nan ya yi mini bayanin da ba ya cikin littattafanmu. Takarda ba ta taɓa gilashi, ko wane iri ne, dole a sa kwali marar tsami a yanke masa taga ya tsaya tsakaninsu domin iska ta samu wuri. Wannan kaɗai ya fitar da gilashi mai hazo daga lissafi, tunda shi sai an manna shi yake aiki. Ba a sa gam ko salatif a jikin tsohuwar takarda, ’yan kusurwoyi ake yi mata ta zauna a ciki. Sannan rashin ƙyalli daban, tare hasken ultrabayolet mai koɗar da launi daban. Akwai gilashin da ke da ɗaya ba shi da ɗaya, mai saye ne zai tambaya. Wanda ya haɗa biyun, irin Museum Glass na kamfanin Tru Vue, masu shi sun ce yana tare kashi 99 na wannan haske. Ko shi ma ba ya hana hasken da ido ke gani yin tasa ɓarnar sannu a hankali. Ya ce zai iya sa a kawo ɗan yanki daga Legas, amma sai na jira, kuma da ya faɗi kuɗin gilashi da kwali da katako da aikinsa, sun haura Naira 33,000 da gwamnati ke ba mu alawus a wata a wancan lokacin.

Na koma gida da takardar a tsakanin fararen takardu biyu cikin wani babban littafi, na tarar da shari’a biyu suna jirana. Ta farko ta mahaifina ce. A ƙarshen watan Mayun shekarar aka cire tallafin man fetur, komai ya tashi, ga masara ta kai lokacin taki na biyu, kuma ya riga ya sa alawus ɗina a lissafinsa. Saboda sunan mahaifinsa da nake ɗauke da shi ba ya yi mini faɗa kai tsaye. Cewa ya yi, “Abba, masara ba ta jiran gilashi.” Ta biyu ta Baffa ce, ƙanensa, wanda ya gaji makarantar allon Malam. Shi tun farko bai so aka rataye ba. A ganinsa ba a rubuta ayoyi domin su zama ado a bango ba, inda yara ke guje-guje, ake hira ana shewa, kuma duk firem yana binne bayan warƙar, alhali can ma rubutu ne. Ya ce a mayar da ita inda aka ɗauko ta.

Na daɗe ina jin haushin wannan magana kafin in yarda cewa ta fi tawa ƙarfi. Masu kula da tsofaffin rubuce-rubucen hannu, irin waɗanda ke Gidan Arewa a Kaduna, da za a tambaye su abin da ya fi wa takarda, da bakin Baffa za su yi magana ko da dalilinsu daban: duhu, da bushewa, da ƙarancin hannu. Babu gilashin da ya kai adaka. In da takardar kaɗai ake dubawa, shari’a ta ƙare.

Sai dai akwai Inna. Ta kusa tamanin, ta yi kusan shekara goma a cikin hazo, aka buɗe mata ido, abin da ta fara nema kuma shi ne wannan warƙa. Hannunta yana rawa, in aka ce ta riƙa zaro ta daga adaka tana mayarwa, wata uku ba za ta yi ba gefunanta za su zube. Na auna shekarun da gilashi zai rage wa takardar da shekarun da suka rage wa mai son ganinta, na ga ba ni da ikon yi wa Inna tanadin abin da za a gani bayan ba ta. Wannan ba lissafin fiziks ba ne, kuma ban iya kare shi a gaban mahaifina da hujja ba. Na dai ce masa zan cike kuɗin takin a wata mai zuwa, mu biyun kuma mun san takin wata mai zuwa ba shi ne takin yau ba. Da Baffa muka yi sulhu a kan abu biyu: za a ɗauki hoton bayan warƙar a ajiye masa, kuma za a yi wa firem ɗin labule na ƙyalle mai kauri, ba a ɗagawa sai za a duba. Shi ya karɓa domin ladabi ga ayoyi, ni na karɓa domin haske, labulen dai ɗaya ne.

Mako biyar aka yi kafin dattijon ya kira ni. Na ɗauko firem ɗin a kan cinyata tun daga Kano, na biya kuɗin kujera biyu domin kada a matse ni. Katako ne baƙi marar ado, da farin kwali mai taga, takardar tana zaune a tsakiya. Na kafa ƙusa a bangon gefe, inda ƙofa ba ta kallo kuma rana ba ta kaiwa.

Gwaggona ce ta fara magana. “An cuce ka, ɗan nan. Ina gilashin?” Wata ta ce na da ya fi kyau nesa ba kusa ba, wannan ko walƙiya ba ya yi, kamar allon makaranta. Wani ƙaramin jika ya miƙa ɗan yatsa zai taɓa takardar, ya ci karo da abin da bai gani ba, ya ja da baya a tsorace. Ban yi musu da kowa ba. Na biya kuɗin da ya fi albashina domin in sayi abin da in ya yi aikinsa ba za a san yana nan ba, kuma a ɗakin da aka saba auna daraja da ƙyalli wannan ba abu ne mai sauƙin bayani ba.

Inna ta zo da kanta, ba ta dafa kowa ba. Ba ta karkata kai ba wannan karon. Ta tsaya shiru har matan suka gaji suka fara zamewa, sannan ta ɗaga ɗan yatsa ta nuna kusurwar ƙasa ta hagu, ba tare da ta taɓa ba. “Ka ga wannan gidan?”

Na duba. A kowace kusurwa ta zayyanar akwai ɗan gida ja, haka tsarin ya tafi a kusurwa uku. Na huɗun kore ne, kuma launin ya ɗan tsallake baƙin layin da ya kewaye shi. Shekara biyar ina wucewa ta gaban takardar nan, na sha tsayawa ina gyara hula a gilashinta, ban taɓa ganin wannan ba.

Ta ce ranar Malam ya tashi sallar la’asar ya bar zayyanar saura gida ɗaya, ga alƙalamin kara a ajiye, ga ’yan kurtun launi da ita ta dama masa da safe. Tana da shekara goma sha bakwai, ba ta taɓa riƙe alƙalami ba sai a allo. Ta leƙa zaure ba kowa, ta tsoma a kore domin shi ya fi ba ta sha’awa, ta cike gidan, hannunta yana karkarwa. Da ta ga abin da ta yi sai ta gudu madafa ta zauna tana jiran hukunci, domin takarda tsada gare ta, kuma zayyanar ta ci masa kwana uku. Ya dawo, ta ji shiru. Aka yi magariba, aka ci tuwo, shiru. Bai kankare ba, bai sake wata ba, ya ci gaba da rubutunsa a ƙasanta, ya sa ta cikin gafaka tare da sauran. Sai bayan kusan wata guda, tana zuba masa ruwan alwala, ya ce ba tare da ya dube ta ba, “Kore ma launi ne.” Daga nan har ya bar duniya ba su sake tayar da maganar ba, ita ma ba ta taɓa gaya wa kowa ba, har ’ya’yanta.

Ta sauke labulen da hannunta. Sannan ta tambaye ni ina tsohon gilashin, ko na yar. Na ce yana cikin jakata, dattijon ya naɗe mini shi a jarida. Ta karɓa, ta kai bakin ƙofa ta ɗaga shi sama tana juyawa har ta samu kusurwar, wadda a jikinsa ta koma dama. Ɗan koren da ya ɓanɓaro yana nan manne. Ta naɗe gilashin a cikin wani tsohon zanen saƙi, ta sa shi a adaka daidai inda warƙar take a da, ta kulle.

Masarar mahaifina ta yi ƙasa da ta bara, bai ce saboda ni ba ne, ni ma ban tambaya ba. Gwaggo har yanzu tana cewa in na samu aiki in sake wa Malam firem mai kyau. Da hunturu ƙura takan ratsa labulen ta kwanta a kan gilashin, a lokacin ne kaɗai mutanen gidan ke yarda yana nan. Inna ta hana kowa gogewa, sai na zo ƙarshen wata in sa ƙyalle mai laushi, ita kuma tana zaune a bakin gado tana faɗa mini in bi a hankali ta wajen hagu.